Shin Gudu Kaɗai Ya Isa Dalilin Harbe Wanda Ake Zargi?

A daren 3 ga watan Oktoba na shekarar 1974, da misalin ƙarfe 11 saura kwata, aka tura waɗansu 'yan sanda biyu zuwa wata unguwa a birnin Memfis da ke Jihar Tenesi ta ƙasar Amurka, bayan da aka kai ƙarar cewa ana fasa wani gida. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Elton Hymon, ya zaga ta bayan gidan, sai ya hangi wani ya fito a guje ya tsaya a gindin wani shingen waya mai tsawon ƙafa 6. Da ya haska shi da tocila ya ga fuskarsa da hannuwansa, kuma shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya kusa haƙiƙancewa babu makami tare da shi. Ya daka masa tsawa ya tsaya, amma yaron ya kama shingen zai haura. Nan take ya harbe shi a ƙeya.

Yaron, Edward Garner, ɗan shekara 15, ya cika a asibiti. Abin da aka samu a jikinsa shi ne dala 10 da wata 'yar jakar hannu da ya ɗauko daga gidan.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ɗan sandan nan bai karya dokar jiharsa ba. Dokar Tenesi ta wancan lokaci ta ce idan an sanar da wanda ake zargi da babban laifi cewa za a kama shi, ya gudu ko ya yi turjiya, to, ɗan sanda yana iya bin duk hanyar da ta zama dole don ya kama shi. Harbi kuwa yana cikin hanyoyin.

GADON INGILA

Wannan doka ba a Amurka aka ƙago ta ba, gado ce daga tsohuwar shari'ar Ingila. A zamanin da aka kafa ta, kusan kowane babban laifi hukuncinsa rataya ne, har ma a farkon ƙarni na 19 laifuffukan da ake kashe mutum dominsu a Ingila sun haura 200, ciki har da ƙananan sace-sace. Saboda haka masu shari'a na lokacin suna ganin wanda ya kashe ɓarawo a guje bai yi kome ba illa gaggauta abin da alƙali zai yanke. Ban da wannan kuma, makaman mai kamu a lokacin sanda ce da wuƙa da takobi, watau sai ya cim ma mutum sun yi gaba da gaba, ransa shi ma yana cikin haɗari.

Daga baya duk dalilan nan biyu suka rushe. Aka daina rataye mutum don sata, kuma ƙaramar bindiga ta shiga hannun 'yan sandan Amurka, wadda ke iya kashe mutum daga nesa ba tare da mai harbin ya matsa kusa ba. Ingila kanta ta yi watsi da tsohon tsarin a dokarta ta 1967, ta ce ƙarfin da za a yi amfani da shi wajen kamu ya zama daidai gwargwadon hali. Amma a jihohin Amurka da dama dokar ta ci gaba da zama, har ya kasance laifin da alƙali ba zai wuce ɗaurin 'yan shekaru a kansa ba, ɗan sanda yana iya zartar masa da kisa a bayan gida cikin duhu.

Mahaifin yaron, Cleamtee Garner, ya ƙi haƙura. Ya bi shari'ar daga wannan kotu zuwa waccan kimanin shekara 10, har ran 27 ga watan Maris na 1985 da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Mai Shari'a Byron White, wanda ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, ya bayyana cewa kuɓucewar mai laifi abin takaici ne, amma bai fi asarar rai muni ba. Kotun ta ce ba a yarda a harbi mai gudu ba sai idan ɗan sanda yana da ƙwaƙƙwaran dalilin gaskata cewa mutumin zai iya kashe shi ko wani, ko ya yi musu mummunan rauni, kuma a gargaɗe shi tukuna in da hali. Mai Shari'a Sandra Day O'Connor da abokanta biyu ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce fasa gida da dare ba ƙaramin laifi ba ne, kuma ɗan sanda ba shi da lokacin zaman nazari kamar alƙali. Wannan hujja tana da nauyinta, sai dai ba ta amsa tambayar abin da yaro marar makami, wanda ya ba da baya, zai iya yi wa kowa ba.

TO, DA ME ZA A TSAYAR DA SHI?

Mutane kan ce me ya hana a harbe shi a ƙafa. Masu horar da 'yan sanda ba su yarda da wannan ba. Ƙafar mai gudu ƙaramin abu ne mai motsi, harsashin da ya kuskure ta kuwa yana iya samun mai wucewa. In ma ya samu, akwai babbar jijiyar jini a cinya wadda in ta tsinke mutum kan mutu cikin 'yan mintoci. Don haka ake koya musu cewa duk wanda ya ja kunamar bindiga ya ɗauka kisa ya nufa.

Sauran kayan aikin kuwa, yawancinsu an yi su ne don wanda ya fuskanto. Kulki sai an cim ma mutum. Feshin barkono sai ya sami ido. Barkonon tsohuwa na tarwatsa taro ne, ƙara wa mai gudu gudu ma yake yi. Abin da ya fi dacewa shi ne bindigar lantarki da ake kira Taser, wadda ke cilla ƙananan kibau biyu masu haɗe da siraran wayoyi, ta sandarar da tsokar jiki na daƙiƙa 5. Amma fa sai kibau biyun duka sun kama, riga mai kauri tana iya tare su, kuma wayar ba ta da tsawo sosai. Ba ta kuma rasa nata haɗarin: binciken da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi a 2017 ya ƙirga mutum fiye da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan an yi amfani da ita a kansu, ko da yake ba duka ne aka ɗora alhakin a kanta ba. A watan Afrilu na 2021 a Jihar Minesota wata 'yar sanda, Kim Potter, ta zaro bindiga a zaton Taser ce, ta kashe Daunte Wright ɗan shekara 20 yayin da yake neman tserewa da mota. An ɗaure ta shekara 2.

Hukuncin 1985 bai kawo ƙarshen abin ba. Ran 4 ga watan Afrilu na 2015, a Jihar Karolina ta Kudu, wani ɗan sanda mai suna Michael Slager ya tsayar da Walter Scott, ɗan shekara 50, saboda fitilar birkin motarsa ta mutu. Mutumin ya fita da gudu, suka ɗan yi kokawa, ya sake zubawa a guje, ɗan sandan ya bi bayansa da harsashi 8, guda 5 suka same shi. Ya ce ransa ne yake cikin haɗari, da kuwa an yarda da shi in ba don wani mai wucewa ya ɗauki hoton bidiyon abin da wayarsa ba. A watan Disamba na 2017 aka yanke masa ɗaurin shekara 20. Wannan ɗan sanda yana da Taser a ranar. Abin da ya rasa shi ne haƙurin barin mutumin ya tafi, alhali ga motarsa nan a tsaye, ga lasinsa a hannun hukuma, ana iya zuwa a kama shi washegari. Irin wannan tunani ne ya sa a 2022 birnin Shikago ya hana 'yan sandansa bin mutum da gudu don kawai ya gudu, ko don ƙaramin laifi.

A NAN GIDA

Nijeriya ma ta ci wannan gado na Ingila. Sashe na 271 na dokar manyan laifuffuka da jihohin Kudu suka gada daga zamanin Turawa ya halatta kashe mai gudu idan laifinsa na kisa ne ko na ɗaurin shekara 7 zuwa sama, kuma ba wata hanyar kama shi. Tsohon umurnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda ya shafi ƙasa baki ɗaya, shi ma haka ya ce. Tun da yake fashi da makami hukuncinsa kisa ne, da zarar an kira gawa da sunan ɗan fashin da ya nemi tserewa, magana ta ƙare, mai musu kuwa yana kwance a ɗakin ajiye gawa. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Philip Alston, wanda ya ziyarci ƙasar nan a 2005, ya soki umurnin da cewa ya kusa zama izinin harbi yadda aka ga dama. Ya kuma saɓa wa ƙa'idojin da Majalisar ta amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990, waɗanda suka ce kada a yi kisa da gangan sai in ba makawa don ceton rai.

A watan Oktoba na 2019 Sufeto Janar na wancan lokaci, Mohammed Adamu, ya ƙaddamar da sabon umurni na 237 wanda ya ɗaure amfani da bindiga da sharaɗin haɗarin mutuwa ko mummunan rauni. Shekara guda bayan haka zanga-zangar neman rushe rundunar SARS ta ɓarke, abin da ya nuna gyaran takarda bai riga ya isa bakin shingen kan hanya ba. Har ila yau sashe na 33(2) na Tsarin Mulkin 1999 yana nan yadda yake: ba a ɗaukar an tauye wa mutum haƙƙinsa na rayuwa idan ya mutu sakamakon ƙarfin da doka ta yarda da shi kuma ya wajaba wajen kama shi ko hana shi tserewa. Gyara wannan sashe ba ya hannun Sufeto Janar, sai Majalisar Tarayya tare da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi 36.