WANDON RUWA: ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A SHIGA KOGI DA HUNTURU

Jama'a, tun da sanyi ya sauka mu ke ta jin magana guda a bakin iyaye mata na unguwanninmu, daga Manchesta har Libaful, watau maganar samarinmu da suka ɗauki sabgar zuwa kamun kifi a kogi ran Asabar da Lahadi. Waɗansu sun ce a hana su. Mu dai a ganinmu hani ba zai yi ba, gama sabga ce mai kyau, ta fi zaman banza a bakin titi nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata shi ne a tabbata duk wanda zai sa ƙafa cikin ruwan nan ya sa ta da kayan da suka dace, kuma ya san yadda a ke sa su. Babban kayan kuwa shi ne dogon wandon nan mai hana ruwa shiga, wanda mutanen ƙasar nan su ke kira weda. Mu a nan za mu kira shi wandon ruwa.

Mai tambaya zai ce, me ya kai mutum kogi da hunturu? Dalili shi ne wani kifi mai doguwar ƙaya a baya kamar tuta, sunansa girelin. A kan rufe kamun kifin tirawut wajen ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, gwargwadon dokar kowane yanki, amma shi girelin lokacin ne ya ke ƙiba, kuma an yarda a kama shi har zuwa 14 ga Maris. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni doka ta hana a kogunan Ingila da Wales. Don haka a ke ganin mutane tsaye tsamo-tsamo cikin kogin Dee wajen Llangollen, ko kogin Ribble a Lancashire, a tsakiyar Disamba. Kada a manta, duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasin, tarar rashinsa tana iya kai fam 2,500, sa'an nan lasin ɗin bai ba mutum iznin shiga ruwan wani ba, sai ya sayi tikiti wurin masu wurin.

Kakanninmu da suka san su a Argungu da gajeren wando su ke faɗawa ruwa, da homa da gora, su wuni ciki ba abin da ya same su. To, wannan ruwa ba wancan ba ne. Da hunturu ruwan kogunan nan ya kan sauko digiri 5, wani lokaci ƙasa da haka, alhali kuwa masu aikin ceto sun ce duk ruwan da ya gaza digiri 15 yana iya fizge numfashin mutum da zarar ya faɗa ciki. Ruwa kuma yana jan ɗumin jiki fiye da iska wajen sau 25. Wani malamin jami'ar Manitoba ta ƙasar Kanada, Gordon Giesbrecht, ya tsara abin yadda kowa zai riƙe: minti 1 na farko mutum yana haki, bai iya sarrafa numfashinsa; sa'an nan yana da kamar minti 10 kafin hannu da ƙafa su sanƙare su ƙi aiki; sa'an nan kamar awa 1 kafin sanyi ya sumar da shi. Ashe ke nan ba sanyin ne ke fara kisa ba, ruɗewa ce da shaƙar ruwa a mintin farko.

Wandon ruwa tsawo uku ne, akwai mai tsayawa a cinya, da mai kai ƙugu, da mai kai ƙirji. Na hunturu mai kai ƙirji ne, ba shakka. Amma fa ba don a shiga ruwa har ƙirji a ke sayensa ba. Don ya tsare ciki da baya daga iska ne, ya kuma ba da rara in ƙafa ta zarce cikin gurbi. Wanda ya ga wandonsa ya kai ƙirji ya ce bari ya gwada iyakarsa, ya nemi magana.

Wajen abin da aka yi shi da shi ne gardama ta ke. Mafi araha shi ne na roba ko na leda mai kauri, irin na masu gyaran kwata. Yana hana ruwa shiga, gaskiya ne, amma yana hana gumi fita, kuma sanyi na sa shi ya ƙage. Mutum ya yi tafiyar rabin mil daga mota zuwa gaɓa, ya jiƙe da zufa daga ciki, ya tsaya cikin ruwa, zufar nan ta huce a jikinsa, shi ke nan rawar ɗari ta kama shi tun bai jefa ƙugiya sau goma ba. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne na niyofirin, wata irin roba mai laushi kamar soso wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙago a 1930. Cikinta cike ya ke da 'yan ƙananan kumfa na iska, su ne ke riƙe ɗumi. A kan yi shi kauri milimita 3 zuwa 5. Kirkinsa shi ne ko ya huje ruwa ya shiga bai daina ɗumama mai shi ba, yana manne da jiki, kuma yana taimakon mutum ya taso sama in ya faɗi. Aibinsa nauyi, da wuyar cirewa, da zafi in za a yi doguwar tafiya, ga shi kuma ba ya saurin bushewa.

Na uku shi ne na yadi mai numfashi, wanda ke barin tururin gumi ya fita amma ɗigon ruwa bai shiga. Asalinsa daga abin da Bob Gore ya gano ne a 1969, wanda aka sa wa suna Gore-Tex, kamfanin Simms kuwa ya fara ɗinka wandon ruwa da shi a 1993. Yanzu kamfanoni da yawa suna da irin nasu. Ba shi da nauyi, yana da daɗin tafiya, ya fi sauran tsada. Sai dai a lura, shi kansa ba ya ɗumi ko kaɗan, fata ce kawai mai tare ruwa, ɗumin duka daga tufafin da ke ƙarƙashinsa zai fito.

To, wanne za a saya? Wanda zai tsaya wuri guda yana sakin ƙugiya ruwa na tafiya da ita, kuma da hunturu kaɗai ya ke fita, mu dai niyofirin mu ke ba shi shawara, musamman in aljihu bai da nauyi. Wanda ke yawo daga wannan gurbi zuwa wancan, kuma yana so wando ɗaya ya ishe shi rani da hunturu, ya daure ya sayi mai numfashi, ya haɗa da tufafin kirki.

Tufafin kirki kuwa ba auduga ba ne. Mun san wannan magana tana da nauyi ga mutanen da suka tashi da shadda da atamfa, amma auduga tana shan gumi ta riƙe, in ta jiƙe ba ta da sauran ɗumi. Wandon jins ma auduga ne, ga shi da ɗinki mai kauri da ke goge wandon ruwa daga ciki. A fara da siririyar riga da wando na ulu ko na zaren roba masu manne wa jiki, a ɗora mai laushin nan mai kauri da a ke kira filis. A cusa bakin wando cikin safa don kada ya nannaɗe sama wajen sawa. Kaftani da doguwar riga a bar su a gida, domin dunƙulewa su ke yi a ƙugu. Rigar ruwan sama kuma a kan wandon a ke ɗora ta, in an cusa ta ciki sai ta zama indararo, ta kwararo da ruwa har tafin ƙafa.

Ƙafa ita ce ke fara kai ƙara. Akwai wando mai takalmi a haɗe, akwai mai safar niyofirin wanda a ke saya masa takalmi dabam. Mai takalmi a haɗe ya fi ɗumi, don akwai sarari ciki iska na zagayawa, kuma ba igiyar da za ta daskare. Mai takalmi dabam ya fi riƙe idon sawu a kan duwatsu. Kowanne aka zaɓa, a ƙara lamba ɗaya bisa wadda aka saba. Mutane da yawa su kan jibga safa uku su ɗaure igiya tam, suna tsammani ɗumi su ke ƙarawa, nan kuwa hanyar jini suka toshe. Siririyar safa ɗaya da ta ulu mai kauri ɗaya sun isa, muddin yatsu na iya motsi. In an je kanti a tafi da tufafin da za a sa ranar, a gwada wandon a kansu, a tsuguna, a ɗora ƙafa ɗaya bisa kujera. In ya ja a gwiwa ko a tsakanin cinyoyi, ya yi kaɗan, nan ne kuwa ɗinki zai fara buɗewa. In ya yi yawa kuma yadin zai riƙa gugar juna har ya huje.

Tafin takalmi iri biyu ne. Akwai na felti, watau gashi da aka danne, irin abin da a ke yin jar dara da shi. A kan dutse mai gansakuka ba kamarsa, amma a kan taɓo da jiƙaƙƙiyar ciyawa santsi gare shi kamar kuɓewa, dusar ƙanƙara kuma tana manne masa ta taru guda-guda. Ga shi yana ɗaukar ƙwayoyin cuta daga kogi zuwa kogi, abin da ya sa ƙasar New Zealand ta hana masu kamun kifi sa shi a 2008, jihar Alaska ta bi sahu a 2012. Don hunturu mun fi son tafin roba da aka kafa wa ƙusoshin ƙarfe. A dai cire shi kafin a taka daben gidan mutane.

Yanzu ga babbar magana, ɗamara. Wandon ƙirji ya kan zo da ɗamara, kuma sau da yawa mu kan ga an bar ta cikin mota. An daɗe ana cewa wai in wando ya cika da ruwa zai ja mutum ƙasa, ko wai iskar da ke ciki za ta kifa shi kai ƙasa ƙafa sama. Wani shahararren mai kamun kifi na ƙasar nan, Hugh Falkus, ya taɓa tsalle cikin kogi da wandonsa gaban masu ɗaukar hoto, a wani fim da aka nuna a 1977, yana da shekara wajen sittin, don ya nuna ba haka abin ya ke ba. Ruwan da ke cikin wando bai fi na waje nauyi ba. Haɗarin dabam ne. In bakin wando a buɗe ya ke, ƙarfin ruwa zai cika shi kamar buhu ya tafi da mai shi, ruwan sanyi ya mamaye jiki nan da nan, sa'an nan in an zo fita kowace lita kilo ɗaya ce da za a ɗaga da ƙafafun da suka riga suka sanƙare. Ɗamarar da aka ɗaure sosai a ƙugu tana rage duk wannan. Kafin a ɗaure a tsuguna iska ta fita. A bisa komai kuma a sa rigar ceto irin mai hura kanta in ta taɓa ruwa. Ba ta da nauyi, kuma ita ce ke riƙe baki sama a mintin nan na farko.

In Allah ya kawo tsautsayi aka faɗi, a saki sandar ƙugiya, ana iya sayen wata. A kwanta da baya, a miƙa hannuwa gefe cikin ruwa, kada a ɗaga su sama. A juya ƙafafu su fuskanci inda ruwa ya nufa, don su ne za su fara gamuwa da dutse. A jira numfashi ya dawo, sa'an nan a riƙa tuƙi da hannu zuwa gefe. Kada a yi ƙoƙarin miƙewa cikin ruwa mai gudu, gama ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. A fita da rarrafe, a kwanta a ɗaga ƙafafu ruwa ya zube. Daga nan sai mota, a tuɓe jiƙaƙƙun kaya, a sa busassu waɗanda aka ajiye tun da safe, a sha abu mai ɗumi da sukari. Ba a murza hannu da ƙafar wanda sanyi ya kama. In maganarsa ta fara harɗewa ko ya daina makyarkyata alhali jikinsa da sanyi, a buga 999.

Tafiya cikin ruwa a gicciye a ke yinta, kafaɗa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, a ja ƙafa ɗaya ta zauna kafin a ɗaga ɗaya, da sanda a hannu. Da hunturu kada ruwa mai gudu ya wuce cinya. A sa ido kan wani dutse a gaɓa, domin kogi irin Dee yana iya ƙaruwa saboda ruwan da aka yi a duwatsun Wales, kai kuwa inda ka ke ko ɗigo ba a yi ba. In dutsen ya fara nutsewa, ko ruwa ya gurɓace ya fara kawo ganye, a fito. Kada kuma a je shi kaɗai.

Akwai abin da ya shafe mu da masu kanti ba za su faɗa ba. A Disamba rana na faɗuwa a Manchesta kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar suna kusa da juna. A yi alwala kafin a sa wando, a rage shan shayi da safe, don tuɓe wannan kaya a bakin kogi cikin iska ba ƙaramin aiki ba ne. Maganar shafa a kan takalmin kuwa, kowa ya tambayi malaminsa.

Daga Nuwamba zuwa Janairu kifin salmon da tirawut suna zuba ƙwai cikin tsakuwa, wurin ya kan yi haske kamar an share. Kada a taka, waɗansu masu ruwa ma sun hana shiga sam a wannan lokaci. In an dawo gida a duba wandon, a wanke, a shanya ya bushe sarai na aƙalla awa 48 kafin a kai shi wani kogi, domin a 2010 an sami wani mugun jatan lande baƙo a tabkin Grafham, mai cinye 'yan ƙwarin da kifi ke ci, kuma yana iya kwanaki da rai cikin kaya mai laima. A fara busar da ciki sa'an nan waje, nesa da na'urar ɗumama ɗaki, a rataye shi, kada a ninke. In ana zaton yoyo, a shiga ɗaki mai duhu a kunna tocila cikin wandon, inda haske ya ɓullo a yi alama, a shafa gam na wannan aiki, a bar shi ya kwana.