Ko Kun Sani? Asusun Yaƙi da Talauci da Aka Ƙulla a Makka

Ko kun san cewa a Makka aka yanke shawarar kafa asusun yaƙi da talauci na ƙasashen Musulmi? A ranakun 7 da 8 ga Disambar 2005, shugabannin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC suka yi taron gaggawa bisa gayyatar Sarki Abdullah na Saudiyya, suka amince da shirin aiki na shekara goma. Daga nan Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda ya kafa asusun a Dakar a 2007, da burin tara dala biliyan 10. Saudiyya ta yi alƙawarin dala biliyan ɗaya.

Asusun wakafi ne: ana juya uwar kuɗin, ribar kaɗai ake kashewa, don kada taimakon ya ƙafe ranar da mai bayarwa ya janye hannu.

Ba a Makka kaɗai aka tattauna batun taimako a shekarar ba: a watan Maris na 2005 ɗin, a birnin Paris, masu ba da agaji sun ɗauki alƙawarin bin tsarin da ƙasar da ake taimaka wa ta shata wa kanta, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.