Abin da jinin mamaci ke faɗa game da maganin farfaɗiya

A Damagaram, idan aka wayi gari aka tarar mai farfaɗiya ya cika a kan shimfiɗarsa, ko aka tsamo shi daga tafki da damina, ba a jinkiri: wanka, likkafani, salla, sai maƙabarta. Daga unguwar Birni har Zango, wasu su ce iska ce ta buge shi, wasu su ce kwana ya ƙare. Kwana kam ya ƙare. Amma akwai tambayar da ake binnewa tare da shi: shin akwai magani a jikinsa?

Maganin da talaka ya fi samu shi ne fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal, kuma tun 1912 ake ba masu farfaɗiya shi. Yana da wani hali mai amfani ga mai bincike: ba ya saurin barin jiki. Bayan kwana huɗu ko kusa da haka, rabinsa na nan a jini. Ga mai sha kullum, ana sa ran miligiram 10 zuwa 40 a kowace lita ta jini. Idan an auna jinin mamaci ba a ga ko ɗigo ba, to ba mantuwar dare ɗaya ba ce. Mutumin ya yi makonni babu kariya. Ko kuɗi ne suka yanke, ko maganin ya ƙare a kanti, ko kuwa ƙwayar da ya saya a tiren ɗan talla jabu ce. Wannan ta ƙarshen ita ke hana ni barci, domin wasu na can suna haɗiyar irinta.

Awon ba ya bukatar a tsaga gawa. Allura kawai ake sokawa a jijiyar cinya, don jinin zuciya yakan ruɗi mai awo: bayan mutuwa, magani na tsatsowa cikinsa daga hanta da huhu. Ana kuma ɗibar ruwan ƙwayar ido, wanda ba ya saurin lalacewa, da ɗan gashi, mai tsiro kamar santimita ɗaya a wata yana ajiye tarihin abin da aka sha.

Abokin gabar awon shi ne zafi. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, jinin da bai shiga firji da wuri ba yakan lalace. Duk ɗibar kuwa ba ta kai tsawon lokacin ɗinka likkafani ba.