Magadan Sawaba a Jalingo da Saɓaninsu da 'Yan Sauyin Zamani

Akwai wani rukunin mutane a Jalingo, galibinsu tsofaffin malaman makaranta da ma'aikata masu fansho, waɗanda har gobe suna kan aƙidar da NEPU ta zo da ita a Kano a 1950, wato mulki amana ne kuma haƙƙin talaka ba sadaka ba ne, amma da zarar an ambaci 'yan fafutukar yau sai su karkata hula su ce a kai kasuwa. Saɓani a wannan gida ba baƙo ba ne, domin PRP, magajiyar NEPU, ma ta rabu Santsi da Taɓo tun Malam Aminu Kano yana raye. Sai dai na yanzu ya fi zurfi.

Babban sababi shi ne harshe da madogara. Malam Aminu malamin tafsiri ne, da ayoyin adalci da koyarwar Shehu Usmanu yake kafa wa sarakuna hujja, har mai garma ya fahimci cewa ƙin zalunci ibada ne. Ga kuma sakamako a hannu, don gwamnonin PRP Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979, zamanin da Abubakar Barde na GNPP ke gwamnan Gongola, jihar da Jalingo ke ciki a lokacin. Yau kuwa an mayar da gwagwarmaya taron bita a zauren otal, da Turanci, da kuɗin masu tallafi daga Turai da Amurka, a raba jaka da kuɗin zama a watse, wasu ma suna duban addini tamkar cikas.

Mas'ala ta biyu ta fi shafar Taraba. Siyasar da ke fara tambayar mutum ƙabilarsa ko jinsinsa kafin abin da ke rumbunsa, ko da tana da ma'ana a inda aka haife ta, haɗari ce a jihar da tun kafa ta a 1991 take fama da rigimar ƙasa, inda Bamumuye mai noman doya da Bafulatani mai 'yan shanu, alhali talauci ɗaya ke cin su, dokar hana kiwon sake ta 2017 ta same su a sahu biyu. Amma dattawan nan su ma ba su kuɓuta daga zargi ba: wanda ke gunaguni idan mata sun nemi haƙƙinsu ya manta Hajiya Gambo Sawaba 'yar NEPU ce, kuma ta sha ɗauri a kan haka.

Illar ita ce talaka ya rasa mai haɗa masa kai, sai ya faɗa hannun mai raba taliya da mai kiran ƙabila. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ɓangarorin biyu kuka ɗaya suke yi a kan kuɗin mota daga Jalingo zuwa Wukari da tsadar taki, dattawa a majalisa bayan La'asar, matasa a Facebook, ba mai jin na wani.