Kafso a Ruwan Kaji Ba Ya Gyara Nama

Saƙon murya ne na minti uku, muryar namiji, ba suna ba gari. Tun saura makonni Sallah yake yawo a zaurukan WhatsApp na matan da ke kiwon kajin gidan gona a bayan ɗaki, kowace ta tura wa 'yar'uwarta da "a daure a yaɗa". Mai maganar ya kira kansa gwani, ya zayyano abubuwa huɗu game da naman kaza.

Biyu ba su cancanci dogon zance ba. Wai allurar sinadarin girma ce ke kumbura kajin: masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada sun kiwata irin kajin 1957 da na 2005 a kan abinci ɗaya, a kwana 56 na farko ya kai gram 905, na biyu gram 4,202, ba tare da allura ba. Zaɓen iri ne kawai. Wai kuma fararen layukan da ke kan tsokar ƙirji tsutsa ce, alhali kitse ne da ke ratsa tsokar kaza mai saurin girma, kuma ana cin ta lafiya.

A na uku ya faɗi gaskiya, a ba shi haƙƙinsa. Janye abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, a bar ruwa, yana rage yiwuwar hanji ya fashe kashi ya ɓata nama.

Na huɗu ne abin takaici. Cewa ya yi a riƙa fasa kafso ja-da-rawaya, maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane, a ruwan kajin har safiyar yanka, wai nama zai yi fari, ya yi nauyi, ba zai yi saurin wari ba, kuma "wuta tana ƙone magani". Wanda ya iya faɗin wannan da ƙarfin murya, da wuya in ya taɓa juya ƙunshin maganin kaji ya karanta bayansa. A nan kamfani ke rubuta kwanakin da dole a jira tsakanin shan magani na ƙarshe da yanka, don jikin kaza ya fitar da shi. Kwanakin sun bambanta daga magani zuwa magani. Kafson mutane kuwa ba shi da wannan lissafi ko kaɗan, tunda ba don kaza aka yi shi ba.

In ba a jira ba, ragowar maganin kan taru musamman a hanta da ƙoda, hantar nan da ake tsame wa yara tun miya ba ta sauka ba. Dahuwa tana rage wani kaso na wasu magungunan, amma ba ta share su duka. Kaza guda ba za ta kwantar da lafiyayyen mutum ba, wannan ma a faɗa. Ɓarnar a hankali take: ƙwayoyin cuta da ke cikin kajin suna sabawa da maganin, su bi hannu da wuƙa da kashin kaji su iso ga mutane, ranar da yaro ya kwanta maganin ya ƙi ci. An ƙiyasta cewa irin wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi waɗannan magunguna don ƙiba tun 2006. Maganin kuloramfenikol ma Amurka da Turai sun haramta shi ga duk dabbar da za a ci, saboda yakan lalata ɓargon wasu mutane ya daina yin jini.

Matan da suka yarda ba su da laifin da mai saƙon yake da shi. Wadda ta zuba kuɗin adashenta a 'yan tsaki hamsin, ta yi mako shida tana sayen abinci da tsada, ta wayi gari ta tsinci uku a miƙe, za ta kama duk abin da aka miƙo mata.

Sai dai abin da ke ɓata mata nama ba ya jin kafso. Ƙurjin ƙirji daga jiƙaƙƙen buntun shinkafa yake, wanda kaza mai nauyi ke yini kwance a kai. Koren naman da ake tararwa can cikin ƙirji kuwa na kazar da aka firgita ne ta yi ta bugun fiffike, tsoka ta kumbura jini ya yanke mata. Shi ya sa ake kamu a natse, da asuba ko bayan magariba, ba yara su bi su da gudu ba. Zafin rana kafin yanka kan sa nama ya koɗe ya yi ruwa-ruwa. Wari kuma na kazar da aka fige aka bari a roba ne tun hantsi har la'asar.

Wata mai kiwo da saƙon ya iske ta riga ta ba kajinta magani saboda mura. Ta kai ƙunshin wurin likitan dabbobi, ya ƙirga mata kwanakin, ta ja layi da gawayi a bangon akurki. Masu saye biyu sun koma hannu rabbana a makon, sauran suka jira.