Tsohuwar Mota Mai Turbo: Jari Ce Ko Rariya?

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ɗan marigayi ƙanena ya same ni a zaure a gidanmu na Tudun Wada, waya a hannu, fuska cike da fara'a. Da muka gama gaisawa sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Baffa, dubi wannan." Hoton wata jar mota ce mai ƙofa biyu, ƙirar Japan, mai injin turbo, wadda ta girme shi da 'yan shekaru. A wurin wani dillali ya gan ta a Kaduna. Shawarar da ya zo da ita kuwa ita ce ya sayar da kasonsa na gonar gado da ke kan hanyar Doguwa, ya sayi motar, ya gyara ta, ya ɗan more ta, bayan shekara biyu ko uku ya sayar da riba.

Hujjarsa biyu ce, kuma babu ta ƙarya a ciki. Ta farko, a ƙasashen Turai da Amurka irin waɗannan tsofaffin motoci kullum ƙara tsada suke. Ya karanto mini labarin Toyota Supra ƙirar 1994 da ta fito a wani fim na tseren motoci, wadda aka yi gwanjonta a Las Vegas a 2021 kan dala 550,000. Ta biyu, a nan gida ma duk wanda ya sayi mota kafin 2023 ya sayar bayan nan, kuɗin da ya karɓa sun fi waɗanda ya biya. Na saurare shi har ya kai aya, sannan na ba shi labarin tawa motar. Shi ne nake so mai karatu ma ya ji, domin na lura wannan zazzaɓi ya fara kama samarinmu masu ilimi da 'yan canji a hannu.

Mu da muka tashi a zamanin Peugeot, wadda muke kira Fijo, ba sai an koya mana son mota ba. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara haɗa ta a Kaduna, kuma 504 ta zama motar gwamnati, ta malamin makaranta, ta direban tasha. A wancan zamani sunanta ya kai ko'ina: 504 ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, sannan ƙanwarta 205 Turbo 16 ta ci gasar Paris zuwa Dakar, mai ratsa hamada, a 1987 da 1988. Saboda haka da na ji labarin wata 505 Turbo a ajiye a gidan wani tsohon ma'aikaci a Kano, a shekarar 2019, ban yi wata-wata ba. Ba haɗin Kaduna ba ce, daga Faransa aka shigo da ita. Injinta lita 2.2 ne, mai ƙarfin doki wajen 150, kuma tana iya taɓa kilomita 200 a awa guda. Na biya Naira miliyan 1.3, na ba dillali la'adarsa, na kamo hanyar gida ina jin babu ya ni.

Ba zan ɓoye daɗinta ba. In ka baro hanyar Zariya a Kwanar Ɗangora ka miƙe kudu, ka taka totur, sai ka ji wani siririn fito yana tasowa daga gaba, sannan kujera ta rungume bayanka. Wanda bai taɓa ji ba, ba zai gane ba.

To amma mene ne wannan turbo? A taƙaice, wasu 'yan fankoki ne guda biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa kai tsaye, shi ke juya ta farko. Ita kuma ta biyu sai ta riƙa cusa wa injin iska fiye da abin da zai iya shaƙa da kansa. Iska mai yawa tana ƙona mai mai yawa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin zafin da ke iya mayar da ƙarfe jawur, kuma baƙin mai ne kaɗai ke tsakaninta da lalacewa. Don haka turbo yana da sharuɗɗa: baƙin mai mai kyau a kan lokaci, iska marar ƙura, fetur marar gauraye, da haƙurin barin inji ya huce na ɗan lokaci kafin a kashe shi bayan doguwar tafiya.

Yanzu mai karatu ya auna waɗannan sharuɗɗa da yanayinmu. Ƙurar hunturu tana cin fukafukan fanka kamar yadda dutse ke cin wuƙa. Fetur ɗin galan na bakin hanya, Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinsa. Makanikanmu kuwa, masu basira ne ƙwarai, amma 504 da Golf suka ƙware a kai. Injin 505 Turbo daban yake da na Fijon Kaduna, kayan wannan ba sa shiga wancan. Na yi sawu a Ƙofar Ruwa har masu shaguna suka san ni, na aika Panteka a Kaduna, na sa an duba mini Ladipo a Legas. Abin da aka samu sai a ce na hannu ne, babu tabbas.

Ranar da ba zan manta ba ita ce wata Laraba da yamma, ina dawowa daga ta'aziyya a Riruwai. Ina tsakiyar dajin Falgore sai na hango shuɗin hayaƙi ta madubi, ƙarfin motar ya zube, fiton nan ya koma kuka. Na gangara gefe. Rana tana faɗuwa, waya babu sabis, kuma duk ɗan yankin nan ya san sunan da dajin ya yi a shekarun baya wajen 'yan fashi da ɓarayin shanu. Wani direban tsohuwar 504 mai ɗauke da buhunan masara ne ya tsaya ya ɗaura mini igiya. Da muka iso gari ya kwance igiyarsa, sai ya dubi motata ya ce, "Alhaji, wannan ai amarya ce, ba ta zuwa gona."

Bayan wannan ne bakanike ya ba ni shawarar da ake ba kowa: a cire turbo da injekta, a ɗora injin 504 mai kafireta, a huta. Na yarda, domin na gaji. Motar ta tashi lafiya lau, amma a ranar na kashe darajarta da hannuna ban sani ba.

Dalili shi ne, abin da masu tara tsofaffin motoci ke saye a Turai ba ƙarfe ba ne kawai. Suna sayen ƙarancin abu: BMW 2002 Turbo ta 1973 guda 1,672 kacal aka ƙera, ita kuwa 205 Turbo 16 ta hawa kan titi guda 200 ce. Suna sayen asali, wato inji da fenti da kujeru yadda suka fito daga kamfani. Suna sayen tarihi a rubuce: wa ya mallake ta, yaushe aka yi mata juye, kilomita nawa ta ci. A bayan wannan duka akwai ƙungiyoyin masoya, da kamfanonin gwanjo, da masu ƙera kayan gyara, da dokoki irin ta Amurka da ke sauƙaƙa shigo da motar da ta shekara 25. Wannan kasuwa ce ke yin farashi. Mu kuwa a kasuwarmu tambaya uku ake yi: nawa take shan mai, akwai kayanta, za ta yi haya? Shi ya sa tsohuwar Golf ko Corolla ba ta kwana biyu a hannun dillali, amma motar tsere sai ta shekara tana shan rana.

Sai batun ribar da ɗana ya ambata. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Motar ta gagare ni, na sa ta a kasuwa. Wata bakwai babu mai taya ta sai 'yan gwangwan, masu kallonta da idon sikeli. Daga ƙarshe wani ya saya kan Naira miliyan 2.3. A baki na ci ribar miliyan guda. Amma lokacin da na saya dala tana wajen Naira 360, wato na biya kimanin dala 3,600. Lokacin da na sayar ta haura 1,500, wato abin da na karɓa bai kai dala 1,600 ba. Ban ma sa kuɗin gyara a lissafin ba. Motar ba ta ƙara daraja ba, Naira ce ta rame. Gonar da ke maƙwabtaka da tamu kuwa, a waɗannan shekaru biyar farashinta ya tashi, kuma kowace damina sai da ta ba mai ita masara.

Ba ina cewa haramun ne mutum ya so abin da ransa ke so ba. Mai hali da ya sayi irin wannan mota don nishaɗi, da kuɗin da ba zai yi kuka ba in sun tafi, ya yi daidai, kamar mai kiwon dokin hawan sallah. Sai dai ya duba takardun kwastan da lambar bodi, ya tayar da ita da sanyin safiya ya kalli launin hayaƙinta, ya nemo bakaniken da ya san ta tun kafin ya biya, ya adana kowace takardar gyara, kuma kada ya bari a canza mata inji. Wanda kuma ya kira ta jari, to ya fara gaya wa kansa sunan wanda zai saya daga hannunsa. In babu amsa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɗan nawa ya yi shiru ya ce, "Baffa, amma ka yi nadama?" Na ce masa na yi nadamar lissafin, ban yi nadamar fiton ba, bambancina da shi, ni da rarar albashi na saya, shi kuwa da gumin mahaifinsa zai saya. Har yau bai sayar da gonar ba, bana ma ya shuka waken suya. Amma hotunan jar motar nan ba su daina shigowa wayata ba. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.