Wai Jirgin Ƙasa Ba Ya Zuwa a Ɓoye

Akwai wata magana a bakin 'yan'uwanmu na Wurno, Rabah da Goronyo masu zuwa ci-rani ko kai albasa da tafarnuwa Kano da Legas: wai bin gefen layin dogo ba wani abu ba ne, ai jirgi ba ya zuwa a ɓoye, mai kunne zai ji ya kauce. Ban raina masu faɗin haka ba, suna da hujjarsu. Jirgin da iyayenmu suka sani, wanda layinsa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, tafe yake sannu, ga kuwwa ga hayaƙi tun daga nesa.

Sai dai jirgin yau daban ne. Irin wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 yana iya gudun kilomita 100 a awa ɗaya, wato kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Kafin mai buhu a kai ya waiwaya ya gane ta ina ƙarar take, an cim masa. Balle a kasuwa, inda injin niƙa da babura ke ta ruri, ko yaro ya toshe kunne da waya.

Wasu kan ce ai direba yana gani, zai taka birki. Zai taka, amma ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe, kuma jirgi mai nauyi kan ci kilomita guda ko fiye kafin ya tsaya. Ba shi da sitiyarin kaucewa. Ido na ganin ido ma abin kan faru: a watan Maris na 2023 jirgi ya banke motar ma'aikata a Ikeja da safe, aka rasa rayuka.

Abin da ya fi damuna shi ne faɗin taragon. Ya zarce ƙarafan layin ta kowane gefe, don haka wanda ya ɗan matsa taku ɗaya yana ganin ya tsira, bai fita ba tukuna. Babbar riga ko gyale iska na kaɗawa, akuya ta fizge igiya, shi ke nan.

Mu a nan ba mu da layi, gaskiya ne. Amma wanda aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ya ratsa gonaki da burtalai da hanyoyin ƙafa. Tun yanzu ya kamata hakimai da shugabannin makiyaya su nemi shinge da matsallaka ta mutane da dabbobi, tun jirgin bai fara gudu ba.